Agara, kolajin da gutsuttsuran furotin: ina gaskiyar take?

Agarar da kake takawa da ita yau, mafi yawanta tun kana ɗan shekara 17 aka gama tufka ta. A 2013 ne Katja Heinemeier da abokan aikinta a birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak suka gano haka, ta wata dabara mai ban mamaki. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da manyan ƙasashe suka yi tsakanin 1955 da 1963 sun kusa ninka wani nau'in kabon da ake kira kabon-14 a iska. Ya shiga tsirrai, ya shiga jikin duk wanda ya ci abinci a shekarun, daga baya kuma ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Saboda haka in aka auna yawansa a wani sashe na jiki, ana iya sanin lokacin da aka gina sashen. Da suka auna tsoka, sai suka tarar kullum sabunta ta ake yi. Da suka auna tsakiyar agara kuwa, sai ga kabon na shekarun ƙuruciyar mai ita, wato tun lokacin da tsawonsa ya tsaya ba a sake taɓa ta ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wannan ya kamata mutum ya riƙe a ransa kafin ya saurari tallan da ya cika wayoyinmu a Facebook da TikTok. Garin kolajin, wato furotin ɗin da jiki ke gina fata da agara da shi, a gwangwani, wai yana gyara fata, yana gyara gwiwa, yana ɗinke jijiya. Da mata aka fara, yanzu ya kai ga samari masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallo, har ma ana maganar allurar da ake kira feftayid. Abin da ya sa zancen ke da wuyar warwarewa shi ne ba ƙarya ce zalla ba. Akwai ilimi na gaske a ƙarƙashinsa, sai dai 'yan kasuwa sun riga ilimin yin gaba da nisa.

Ka tsaya wurin mahauci a kasuwar Jega ko ta Talatar Mafara ka dubi ƙafar saniya da aka feɗe. Naman ja ne jawur. Ka bi shi da ido zuwa ƙasa, inda ya tsuke ya koma fari mai ƙyalli, wuƙa na zamewa a kansa sai mahaucin ya sake wasa ta. Ita ce agara, jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Farinta na nuna ƙarancin jini, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikinta ba su da yawa. Fiye da rabin nauyinta ruwa ne. In aka busar da ita, kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ya rage kolajin ne, kusan duka nau'i na ɗaya daga cikin nau'o'i 28 da aka sani.

Shi kolajin igiya ce mai zare uku. Kowane zare sarƙa ce ta amino asid, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, kimanin dubu ɗaya, kuma a kowane uku, ɗaya gilaisin ne, mafi ƙanƙanta a cikinsu, domin shi kaɗai ke iya shiga tsakiyar tufkar ba tare da ya buɗa ta ba. Sauran guraben furolin da ɗan'uwansa haidiroksifurolin ne suka fi yawa. Wani masani ɗan Indiya, G. N. Ramachandran, da abokin aikinsa Gopinath Kartha ne suka fara bayyana wannan tufka mai zare uku a Madras a tsakiyar shekarun 1950. Duk matar da ta taɓa dafa farfesun ƙafar saniya ta bar sauran romon ya kwana cikin hunturu ta san abin da za ta tarar da safe: ya daskare, in ta taɓa shi da cokali yana rawa. Zafin wuta ne ya warware tufkar, zaren suka watse cikin ruwa, da sanyi ya kama suka sake harɗewa barkatai. Shi ne jelatin. In masana'anta ta ɗauki jelatin ɗin ta sa masa inzayim, wato sinadarin da ke yanka ko sarrafa wasu sinadarai, ya daddatse zaren gutsure-gutsure, sai a samu garin da ba ya daskarewa, yana narkewa ko a ruwan sanyi. Waɗannan gajerun gutsuttsura, daga amino asid biyu zuwa 'yan gomomi, su ne feftayid, kuma su ne ke cikin gwangwanin.

Masu tufka igiyar a jiki su ne ƙwayoyin agara, tenosayit. Sirara ne, a jere suke kwance tsakanin zaruruwan da suka yi da kansu. Suna ƙera zaren a cikinsu bisa umarnin ƙwayoyin gado biyu, COL1A1 da COL1A2. Kafin a tufka, dole wani inzayim ya mai da wasu furolin su zama haidiroksifurolin, kuma ba ya aiki sai da bitamin C da sinadarin ƙarfe. In babu su, igiyar ba ta jure ko ɗumin jiki. Shi ya sa matuƙan jiragen ruwan Turai na da, masu yin watanni ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, dasashinsu ke zubar da jini, tsofaffin raunukansu su sake buɗewa, har James Lind ya gwada ba su lemu a 1747. Bayan tufka sai ƙwayar ta fitar da igiyar waje, a yanke mata kai da gindi, igiyoyin su jeru gefe da gefe, sannan wani inzayim mai buƙatar tagulla ya ɗaɗɗaure su da juna. Ƙarfin agara yana cikin wannan jeri da wannan ɗauri, ba cikin yawan kolajin kawai ba.

To ta ina feftayid ke shigowa?

Da can likitoci dariya suke yi wa mai cewa cin kolajin na ƙara kolajin. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: ciki ba ya tambayar daga ina furotin ya fito, ganda ce ko wake, duk zai farfasa su su koma amino asid ɗai-ɗai. Galibi haka ne. Amma a 2005 wasu masu bincike a Kiyoto ta Japan suka ba mutane narkakken jelatin, suka ɗebi jininsu, sai ga gutsuttsura masu amino asid biyu ko uku da suka tsallake ba a raba su ba. Wanda ya fi yawa shi ne haɗin furolin da haidiroksifurolin, da ake taƙaitawa Pro-Hyp, kuma yana kai ƙololuwa a jini awa ɗaya zuwa biyu bayan sha. Dalili shi ne inzayim ɗin hanji na shan wuyar yanka mahaɗar da furolin ke ciki, sannan a bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa, PEPT1, da aikinta shi ne shigar da irin waɗannan bibbiyu da uku-uku.

Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. Haidiroksifurolin da mutum ya ci ba ya shiga sabon kolajin. Ƙwayar halitta ba ta da hanyar saka shi cikin zare kai tsaye, sai dai ta saka furolin, daga baya ta juya shi da kanta. Ke nan in har Pro-Hyp na yin wani abu, ba a matsayin kayan tufka yake yi ba, a matsayin saƙo ne. A jiki, ina ake samun irin wannan gutsure da yawa? Inda kolajin ke rugujewa, wato wurin rauni. Tun 1978 masu bincike a Memfis ta Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin da ke yin kolajin na rarrafawa su nufi inda gutsuttsuransa suke. A 1993 kuma a can ɗin aka ware wani gutsure mai amino asid biyar, KTTKS, daga gindin da ake yankewa a jikin sabuwar igiya, aka ga yana sa ƙwayoyin su ƙara aiki. Shi ne daga baya aka liƙa masa kitse aka sa a man shafawa da sunan Matrixyl. Akwai kuma GHK mai amino asid uku, wanda Loren Pickart ya ware daga jinin mutum a 1973. Yana kama tagulla ya riƙe, kuma a 1988 aka nuna a Faransa cewa yana ƙara yin kolajin a ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji. Tunanin dai shi ne, in ka cika jini da gutsuttsuran kolajin, ƙwayoyin za su ɗauka ɓarna ta auku, su tashi gyara.

Tunani ne mai kyau, amma a lura da inda aka gwada shi. Yawancin waɗannan ƙwayoyi na fata ne ko na huhu, ba na agara ba. A faranti suke, an jiƙa su tsamo-tsamo cikin ruwan magani, ba abin da ya tare su. Ita kuwa ƙwayar agara ta gaske tana can a matse tsakanin zaruruwa, jini bai cika isa gare ta ba. Kai, ko ita kanta in aka ciro ta aka raina a faranti, bayan 'yan zuriya sai ta fara mance ita wace ce, ta koma kamar ƙwayar fata, saboda ba mai jan ta.

Sai a koma ga mutane. Binciken da kowa ke ambata shi ne na 2017, wanda Keith Baar na jami'ar Kaliforniya da ke Debis ya yi tare da cibiyar wasanni ta Ostareliya. An ba samari jelatin giram 5 ko giram 15 haɗe da bitamin C, bayan awa ɗaya su yi tsallen igiya na minti 6. Masu shan giram 15 sai wata alama ta sabon kolajin a jininsu ta ninka. Mutum nawa aka gwada? Takwas. Kuma alamar da aka auna, mafi yawanta daga ƙashi take fitowa, ba wanda zai rantse daga agara ta zo. A 2019 an gwada mutum 20 masu tsohon ciwon agara a Ostareliya, suna shan gari suna kuma motsa sha-raɓa, an ga sauƙi ya fi zuwa da wuri a watannin da suke sha. A 2022 a Jamus an sa samari 40 ɗaga nauyi na mako 14, rabinsu na shan giram 5 kullum. Agarar masu sha ta fi kauri, amma wajen tauri, wanda shi ne ke nuna yadda take ɗaukar kaya, ba a ga bambanci ba. A 2023 kuma a Mastirik ta ƙasar Holan aka ba mutane giram 30 bayan motsa jiki, aka tsakuri tsokarsu aka auna kai tsaye, ba a ga ƙarin sabon kolajin ba. Da yawa daga cikin binciken da suka ga amfani, kamfanonin da ke yin garin ne suka ɗauki nauyi ko suka ba da kaya. Wannan bai mai da su ƙarya ba, amma mai hankali yakan tambayi wa ya biya kuɗin makaɗi.

Abu ɗaya ya ratsa dukkansu: ba inda aka ce mutum ya sha gari ya kwanta. Kowane da motsa jiki aka haɗa shi.

Maganar allura ta fi wannan tayar da hankali. BPC-157 gutsure ne mai amino asid 15, wanda Predrag Sikirić da mutanensa a Zagreb ta Kuroshiya suka fara rubutu a kansa a farkon shekarun 1990. An yanke agarar ɓera an ba shi, an ce ta fi saurin haɗewa. A 2011 a Taiwan an nuna cewa ƙwayoyin agarar ɓera sun fi rarrafawa da jure wahala a faranti in an zuba musu shi. Kusan duk labarin ke nan, ɓeraye da faranti, kuma kaso mai yawa daga gida ɗaya ya fito. Babu wani babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar yana warkar da agara, ko ya nuna abin da yake yi wa jiki bayan shekaru. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi tun Janairun 2022, kamar yadda ta haramta ɗan'uwansa TB-500. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin jerin abubuwan da take da damuwa kan lafiyarsu. Ɗan ƙwallon da ke mafarkin fita waje, allura ɗaya na iya rufe masa ƙofa. Kwalbar da aka sayo ta intanet kuwa, ba mai tabbatar maka abin da ke ciki, balle tsaftarsa.

Ko da a ce waɗannan abubuwa na ƙara kolajin da gaske, akwai tambayar da masu talla ba sa so: wane irin kolajin, kuma a jere ko a cukurkuɗe? Agara mai tsohon ciwo ba siririya ba ce, kumbura take, ta yi kauri, ƙwayoyinta sun ƙaru, suna ta aiki ba hutu. Sai dai abin da suke zubawa ya fi yawan nau'i na uku, siraran zaruruwa marasa jeri, irin na tabo. Jiki ma yana da nasa feftayid da ke hura wannan wuta. Wani mai amino asid 11 da ake kira sinadarin P, wanda jijiyoyin jin zafi ke saki, masu bincike a Umeya ta Suwidin sun nuna yana sa ƙwayoyin agara hayayyafa, kuma ana samunsa da yawa a agara mai ciwo. Su Heinemeier ma sun sake auna kabon-14 a 2018, wannan karon a agara masu ciwo, suka tarar an shafe shekaru ana tufka da warwara a cikinsu kafin mai su ya fara jin zafi. Lafiyayyar agara shiru take. Wadda ke ta sabunta kanta ita ce mai matsala.

Abin da ke gaya wa ƙwayar agara inda za ta shimfiɗa zare shi ne ja. In tsoka ta ja, zaruruwa na gogar juna, ƙwayar da ke tsakani ta ji, wasu ƙofofi a jikinta su buɗe, kalsiyam ya shiga, ita kuma ta saki nata masu saƙon kamar TGF-beta da IGF-1. Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce Piezo1, wadda gano ta na cikin abin da ya sa Ardem Patapoutian ya samu kyautar Nobel a 2021. A nan akwai abin da ya shafe mu: wani sauyi a ƙwayar gadon wannan ƙofa ya yawaita a mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, ana danganta shi da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma wani ƙaramin bincike na Zurik a 2021 ya ga masu shi sun fi iya tsalle. Ƙarami ne, kada wani ya ɗaura ɗamara a kansa.

Ja ɗin ma yana da ƙa'ida. Bayan aiki mai nauyi, rushewa da ginuwa duk suna tashi tare. Ginuwar na kai ƙololuwa wajen awa 24, ta ci gaba har kwana uku, amma a yini na farko rushewar kan fi ta. Wanda ya maimaita nauyi iri ɗaya kullum ba tazara, bashi yake ci. Ka ga ɗan kokawar da ya yi damina yana duƙe a fadamar Argungu ko Suru, da kaka ta yi ya ji ganga ya faɗa fili ba shiri, ya yi mako yana karawa. Tsokarsa kan farfaɗo cikin 'yan makonni domin jini ya wadace ta, agararsa kuwa watanni take buƙata. Alamar farko ita ce da asuba, in ya sauko daga shimfiɗa zai tafi masallaci, bayan diddigensa ya riƙe, yana ɗingishi taku goma ko ashirin, daga nan ya sake. Da yake yana sakewa, sai ya ce ba komai.

Maganin da ya fi samun shaida ba ya cikin gwangwani. A 1998 wani likita a Suwidin, Håkan Alfredson, ya wallafa sakamakon sa masu ciwon agara su tsaya da yatsun ƙafa a bakin matakala, su riƙa sauke diddige ƙasa sannu a hankali, sau 15 har zagaye uku, safe da yamma, tsawon mako 12. Mutum 15 ya gwada, duk suka koma gudu. Daga baya an ga ɗaga nauyi a hankali ma na yin wannan aiki. Dakalin ƙofar gida ya isa. Wahalarsa ita ce wata uku ne, ga ɗan zafi, mu kuwa mun fi son abin da za a haɗiya.

A ganina, wanda ke da hali ya ga dama ya sha garin kolajin awa ɗaya kafin motsa jikin, ba a san shi da wata illa mai yawa ba, wataƙila ma ya ƙara ɗan wani abu. Sai dai ya duba lambar NAFDAC, ya kuma duba daga me aka yi shi, domin daga fatar saniya ake yi, da ta kifi, da ta alade. Wanda ba shi da hali bai yi asarar kirki ba. Romon ƙafar saniya, ganda mai tsafta, fatar tarwaɗa da ƙarfasa da ake kamowa a Yauri, duk gilaisin da furolin ne, in aka bi su da gwaiba ko lemu ko garin 'ya'yan kuka an samu bitamin C. Kada dai a lissafa ganda a matsayin nama ga yara, domin kolajin ba shi da tiriftofan, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da jiki ba ya iya yi da kansa. Ƙwai da wake da kifi sun fi ta gina yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne muna neman abin da zai ƙara wa agara kaɗan, alhali muna haɗiyar abin da ke cin ta. Siprofuloksasin (sipro), wanda ake saya a kemis ba takardar likita da zarar an ce taifod, shi da danginsa suna raunana ƙwayoyin agara, suna ƙara inzayim ɗin da ke yanka kolajin. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kwalinsu kan tsinkewar agara. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon ƙoda, da mai haɗa shi da deksametason ko firednisolon, waɗanda wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi, wasu don ƙiba. Ciwon suga da ba a kula da shi ba kuma yana sa suga ya manne wa zaruruwan, su bushe su yi gautsi. Allurar sitiroyid, wato dangin su deksametason, a jikin agara takan kwantar da zafi na 'yan makonni, ta bar ta da rauni.

In ta tsinke gaba ɗaya, mutum kan ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, har ya waiwaya neman wanda ya jefe shi, daga nan ya kasa ɗagawa a kan yatsun wannan ƙafar. Wannan ba targaɗe ba ne, murza da ja na mai ɗori na iya ƙara raba bakin biyu. Asibiti ake zuwa cikin kwanakin farko, a ɗaure ƙafar tana kallon ƙasa ko a ɗinke. Wanda kuma ya ji bayan diddigensa ya fara ciwo yana tsakiyar shan sipro, ya dakata da gudu da ɗaukar kaya, ya koma wurin likita a ranar a canja masa magani.